Naam Da Ɗan Ci-Ranin Tasawa: Shari'ar Da Aka Yanke Ba A Saurari Shaida Ba

Akwai wani hukunci da ya daɗe yana yawo a bakin malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu na jahar Maraɗi, har ya zama kamar karatun da aka haddace tun ana yara: wai fim ɗin Indiya ba kome ba ne face rawa da waƙa da guje-guje a tsakanin furanni, wai shi ya gurɓata tarbiyyar samari, shi kuma ya haifi finafinan Kano masu kwaikwayonsa. Da wuya a yi zaman tattauna al'adu a Tasawa ko Mayahi a tashi ba a sami wanda ya miƙe ya maimaita wannan magana ba, a tafa masa, a wuce batu na gaba. Hukunci ne mai sauƙin yankewa, domin ba ya bukatar alƙalin ya zauna ya kalli abin da yake la'anta daga farko har ƙarshe. Sai dai a cikin tarin kasa-kasan da aka yi wa kuɗin goro akwai waɗanda suka yi magana a kan ciwon da ya fi kowane ciwo taɓa gidajen waɗannan gundumomi biyu, wato tafiyar ɗa zuwa biɗa da rashin komowarsa, kuma suka faɗi abin da masu tsaron al'adar suka yi shekara da shekaru suna kewaye shi.

Babban misali shi ne Naam, fim ɗin da Mahesh Bhatt ya ba da umarni, Salim Khan ya rubuta labarinsa, ya fito a 1986. Ma'anar kalmar a harshen Hindi ita ce suna, kuma babu Bahaushen da bai san nauyin da ke cikin wannan ƴar kalma ba: a yi suna, a ɓata suna, a bar wa na baya suna. Labarin na wata uwa ce mai suna Janki, wadda Nutan ta fito a matsayinta, da samari biyu da ta rena cikin rashi. Ravi, wato Kumar Gaurav, shi ne mai natsuwa, mai ɗauke da nauyin gida. Vicky kuwa mai zafin kai ne, ba aiki, ba sana'a, kullum cikin jawo wa gida magana. Wanda ya fito a matsayinsa shi ne Sanjay Dutt, wanda ƴan kallon Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, kamar yadda masani Brian Larkin ya rubuta a bincikensa na shekarun 1990 kan finafinan Indiya a ƙasar Hausa. Vicky ya ji labarin dubban ƴan ƙasarsu da suka tafi Dubai suka yi arziki, sai ya ƙudura cewa shi ma can ne zai wanke sunansa. Ravi ya yi faɗi-tashi ya haɗa kuɗin biza da na jirgi. Da Vicky ya sauka sai ya tarar an yaudare shi: takardar da ya saya ba ta da tushe, aikin da aka yi masa alkawari babu shi. Maimakon ya yarda a tuso ƙeyarsa gida hannu wofi, sai ya faɗa hannun wani ɗan ƙasarsu mai fasa-ƙwauri, Rana, wanda Paresh Rawal ya fito a matsayinsa. Daga nan labari ya kai shi Hong Kong, gida aka daina jin ɗuriyarsa, Ravi ya bi sawunsa, amma Vicky bai komo da rai ba.

Salim Khan bai ƙago wannan labari daga iska ba. Tun da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, ƙasashen Larabawa na gaɓar teku suka buɗe baki suna haɗiye ma'aikata daga Indiya da Pakistan, dillalan biza kuma suka yi yawa kamar fara, na gaskiya da na ƙarya. Ɓarnar ta kai har majalisar Indiya ta kafa dokar ƙaura ta 1983, wadda ta tilasta wa duk mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje ya yi rajista da hukuma. Shekara uku bayan dokar fim ɗin ya fito yana nuna cewa takarda ba ta kashe dillali ba.

To, mai karatu ya tuna yadda ƙasar Tasawa da Mayahi take a wannan shekara ta 1986. Mutane ba su gama farfaɗowa daga yunwar 1984 ba, wadda talakawa suka raɗa wa suna El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, daga Afrilun 1984 har zuwa 1986, ta datse hanyar hatsi da hanyar ci-rani a lokaci guda. Kafin nan, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, akasarinsu ƴan Gana, amma da ƴan Nijar masu yawa a ciki. Kasuwar gujiya, wadda ta riƙe ƙauyukan jahar Maraɗi tun zamanin Turawa, ta riga ta durƙushe tun fari da cututtukan shekarun 1970. Abin da ya rage wa magidanci a Korgom ko Urafan, a Kanambakashe ko Gidan Amumun, shi ne tsohuwar hanyar kakanni: a ɗaure dammunan gero, a ƙirga rumbu, a ga ba zai kai damina ba, samari su rataya buhu su nufi Katsina da Kano da Legas, su yi ga-ruwa, su yi dako, su yi gadi, su yi yankan farce, su kafa teburin shayi, su komo da faɗuwar ruwan farko. Daga baya hanyar ta miƙe arewa, ta Agadas da Dirku zuwa Libiya, ta Arlit zuwa Aljeriya, wasu kuma suka bi ayarin aikin hajji suka maƙale a Makka da Jidda, suka zama ƴan takari. A cikin waɗannan shekaru ne akwatin bidiyo da ƙaramin injin lantarki suka fara shiga garuruwa, aka riƙa kewaye fili da zana, ana karɓar ƴan daloli a bakin ƙofa. Samarin da suka cika waɗannan gidajen bidiyo ba su jin Hindi, amma ba su bukatar tafinta kafin su gane saurayin da ya tsaya a baƙuwar ƙasa riƙe da takardar banza. Malaminsu na lakwal ne bai gane shi ba, domin shi bai shiga ba. Yana waje yana lissafin illolin rawa.

Gaskiya ta farko da fim ɗin ya faɗa, wadda ba a son jin ta a tarurruka, ita ce cewa mai cutar ɗan ci-rani yawanci ɗan gida ne. Wanda ya sayar wa Vicky biza ɗan ƙasarsu ne. Wanda ya tsince shi a titi, ya yi masa magana da harshen uwarsa, ya ba shi abinci da makwanci, sannan ya sa masa takunkumi, shi ma ɗan ƙasarsu ne. Shekara takwas kafin Naam, Dev Anand ya riga ya taɓo wannan jijiya a Des Pardes na 1978, inda wa ya tafi Ingila neman abin rufin asirin iyali ya ɓace, ƙane ya bi shi, ya tarar da tarin ƴan Indiya masu fasfo na jabu suna bauta a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, kuma masu tatsar su ƴan'uwansu ne da suka riga su zuwa. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Duk wanda ya saurari waɗanda suka komo daga Libiya ya ji sunan wani wuri a Sabha da ake kira gidan bashi, inda ake tsare matafiyin da bai gama biyan kuɗin mota ba, a buga wa iyayensa waya suna jin kukansa, har sai sun sayar da abin da suka mallaka sun aiko. Abin lura shi ne sunan nan na Hausa ne. Ba Balarabe ya raɗa shi ba, ba Bature ba. Wurin da ake azabtar da ɗan Mayahi yana da suna a harshen uwarsa saboda masu kai shi can, da masu tsaron ƙofa, da masu karɓar kuɗin a wannan gefe, da yawa daga cikinsu harshen nan suke yi.

A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Tamanrasat: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito, maƙwabciyar Tasawa ta gabas, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwanni ɗaya. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku. Ƙasa da shekara biyu bayan haka, ranar 26 ga Mayun 2015, aka kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan daga 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci a Agadas. Masu sukarta sun ce an yi ta ne domin Turai ta yi barci, kuma ta tura motoci zuwa ɓoyayyun hanyoyi marasa rijiya; akwai gaskiya a maganarsu. A Nuwamban 2023 hukumomin soja suka soke ta, aka yi murna a tashoshin Agadas. Amma a tsawon wannan muhawara ta shekara takwas, tsakanin masu yabon dokar da masu tsine mata, bakin kowa yana kan Tarayyar Turai, ko kan Aljeriya da ke zubar da mutane a hamada kimanin kilomita 15 daga Asamaka, ko kan Libiya da aka nuna ana gwanjon mutane a cikinta a 2017. Duk waɗannan sun cancanci zargi. Wanda ba a cika ambata ba shi ne mutumin da ke zaune a kasuwar mako, da babbar riga da waya biyu, wanda kowa ya san shi ne ke haɗa tafiya, ya san gidan da gona ta yi ƙaranci, ya san matar da mijinta ya yi shekara uku bai aiko ba, har yakan ranci yaran maƙwabta domin a tafi da su bara. Shi ana gaishe shi da girmamawa, a ba shi tabarmar gaba a wurin ɗaurin aure. Laifi tudu ne. Fim ɗin da aka ce ba shi da kome sai rawa ya ba wannan mutum fuska da suna tun 1986.

Gaskiya ta biyu ta fi ta farko ɗaci, domin ba ta tsaya a kasuwa ba, ta shigo har tsakar gida. Me ya hana Vicky komowa ranar da ya gane an cuce shi? Babu sarƙa a ƙafarsa a wannan rana. Abin da ya ɗaure shi shi ne kuɗin da ɗan'uwansa ya tara da gumi, da idon uwarsa, da bakin unguwa da ya riga ya yanke masa hukuncin ɗan banza tun kafin ya tashi. Ya gwammace ya shiga aikin da ya san ƙarshensa kurkuku ne ko kabari, da ya tsaya a ƙofar gida da jaka wofi. Nan ne sunan fim ɗin ya sami ma'anarsa. Kuma nan ne ya kamata kowane uba a Isawan ko Maijirgi ya ji tsikar jikinsa ta tashi, domin tafiyar Libiya ba da kuɗin aljihun yaro ake yin ta ba. Jar akuyar uwa ake kaiwa kasuwa, a jinginar da gamana, wani lokaci har wani yanki na gandu, a ci bashin ɗan kasuwa da alkawarin biya in an aiko. Yaron da aka yi wa wannan ya tashi da kaya a kansa wanda ya fi buhunsa nauyi. In ya komo da babur da rediyo da turamen atamfa, maroƙa su yi masa kirari, iyayen ƴan mata su sassauta masa. In ya komo da rigar da ya tafi da ita, ba mai dukansa, ba mai zaginsa a fili; za a dai yi shiru in ya shigo majalisa, a tambaye shi labarin wane da suka tafi tare wanda ya riga ya gina ɗakin siminti. Wannan shirun ya isa ya mayar da mutum hamada karo na biyu da na uku. An ga haka bayan yaƙin Libiya na 2011, lokacin da dubban ƴan Nijar suka tsero da ransu kaɗai, da yawa kuma ba su daɗe a gida ba suka sake ɗaura ɗamarar komawa ƙasar da ake harbe-harbe a cikinta.

Wurin da ya fi shahara a fim ɗin shi ne inda mawaƙi Pankaj Udhas, wanda ya rasu a Fabrairun 2024, ya zauna gaban taron ƴan Indiya mazauna waje yana rera waƙa a kan wasiƙar da ta iso daga gida, jama'a suna sharar hawaye, Vicky yana cikinsu. Anand Bakshi ya rubuta baitocin, Laxmikant da Pyarelal suka yi kiɗan. Wannan ita ce irin waƙar da masu hukunci ke cewa a tsallake. Alhali duk ma'anar fim ɗin a nan take: mutumin da ke kukan gida shi ne mutumin da ba zai iya amsa wasiƙar gida ba, domin amsar gaskiya za ta tona cewa ya gaza, amsar ƙarya kuma sai an haɗa ta da kuɗi. Tsofaffin Tasawa sun san zamanin da ake zuwa wurin malamin lakwal ya rubuta wa ɗa takarda, da zamanin da ake naɗar muryar tsohuwa a kaset a ba direba ya kai Sabon Gari ko Agege. Yau saƙon murya ne a WhatsApp, yana isa cikin ƙiftawar ido, kuma saurin nan bai rage nauyin ba, ƙara shi ya yi: da can yaro yana da wata uku na uzurin cewa takarda ta ɓata a hanya, yanzu ana ganin alamar cewa ya saurara bai amsa ba. Mata da yawa a ƙauyukan Gulbin Kaba suna zaune a wani hali da ba shi da suna a fiƙihun zaure, su ba zawarawa ba, su ba masu miji ba, suna saƙar tabarmar kaba suna ciyar da yara, suna jiran lambar da ta daina shiga.

Mai kare hukuncin zai ce: me ya kai mutane Bombay neman wannan darasi, alhali ƴan ƙasa sun yi nasu finafinan a kan tafiya? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta yi wa masu tambayar daɗi ba. Gaskiya ne silimar Nijar da ci-rani ta fara. Jean Rouch ya ɗauki Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, ya bi Damure Zika da abokansa biyu daga bakin kogin Kwara zuwa Kumasi da Ankara, fim ɗin ya fito a 1967. A Moi, un Noir na 1958 Umaru Ganda ne ɗan dako a Treichville ta Abijan. Mustafa Alhasan ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin wanda ya komo daga waje da kayan kaboyi ya hargitsa ƙauye. Ganda kuma ya yi Cabascabo, tsohon sojan Indocin da abokan cin mushe suka cinye dukiyarsa suka watse. A adabi ma, tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa wata uwa ta ratsa Sahara tana neman ɗanta a Shaihu Umar. Ayyuka ne masu daraja, ba mai musu. Amma ina aka nuna su? A bukukuwan silima na Wagadugu da Faransa, a cibiyoyin al'adu na Yamai, a gaban ɗaliban jami'a. Manomin Sarkin Hausa bai taɓa ganin Cabascabo ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Laifin na waɗanda suka riƙe gidajen matasa da al'adu ne shekara da shekaru, suna ambaton sunan Ganda a jawabi ba su taɓa ɗaukar majigi sun kai shi ƙauye ba. Ban da haka, matafiyan Jaguar sun komo gida da kaya da labari, suna rabon tsaraba. Fim ne na zamanin da tafiya take kamar wasan samartaka. Wanda bai komo ba, wanda aka binne inda ba mai sanin kabarinsa, sai a kaset ɗin Indiya aka same shi.

Game da finafinan Kano kuwa, masu zargi sun kama rabin gaskiya suka saki rabi. Tun daga Turmin Danya na 1990 har masana'antar ta bunƙasa, abin da aka fi ara daga Indiya shi ne waƙar saurayi da budurwa, da auren dole, da mata biyu a kan namiji ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan aro. Sai dai wanda ya shiga kasuwa ya sayo alawa ya bar hatsi, ba kasuwar za a tuhuma ba. Salim Khan ɗin nan, tare da abokin rubutunsa Javed Akhtar, su suka rubuta Deewaar na 1975, labarin uwa da ƴaƴa biyu da wulaƙanci ya kora daga garinsu zuwa Bombay, uwar tana ɗaukar bulo a wurin gini, babban ɗan ya tashi daga dakon tashar jirgin ruwa ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Wannan ma Indiya ce. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha kafa sharuɗɗa a kan rawa da sutura, musamman bayan rikicin 2007. Masu wa'azi da masu rubutu a wannan gefen iyaka suka ara mata baki. An yi shekaru ana auna tsawon riga, ba a sami wanda ya tambayi masu shirya fim dalilin da ya sa labarin ɗan ga-ruwa, mutumin da ke shayar da unguwannin Kano, bai isa a yi masa fim ba.

Ba a ce Naam ba shi da aibu. Yana da tsawo, yana da faɗace-faɗacen da hankali ba ya ɗauka, yana da soyayyar da aka cusa domin kasuwa. Babban rauninsa ma shi ne ya tara dukan mugunta a jikin mutum ɗaya, Rana, ta yadda mai kallo zai tashi da zaton in an kawar da shi magana ta ƙare. A hanyar Sabha babu Rana guda. Akwai ɗan kamasho a tasha, da mai masauki a Agadas, da direba, da mai shinge da ke miƙo hannu, da mai karɓar kuɗin fansa a wata rumfa cikin kasuwa, kowa yana ɗiban nasa kaɗan yana cewa shi taimako yake yi. Haka kuma fim ɗin bai tambayi dalilin talaucin gidan Janki ba, ya ɗauke shi kamar ƙaddarar da ta faɗo daga sama. Malamin da ya san aikinsa a nan zai tsayar da fim ya kawo abin da ya sani na ƙasarsa: yadda gonaki suka tsuke a kudancin jahar Maraɗi saboda yawan magada, har binciken Marthe Doka da Marie Monimart na 2004 ya nuna mata suna rasa gamanarsu, yadda yunwar 2005 ta sa gidaje suka sayar da dabba da gona, yadda rufe iyakar Nijeriya na 2019 da na 2023 suka sake toshe hanyar kudu. Raunin fim abin koyarwa ne shi ma, ga wanda ya kalla. Wanda bai kalla ba ba shi da abin cewa a kan ƙarfinsa balle rauninsa.

Tsohon uzurin cewa ba a jin harshen ya faɗi. Tun shekarun 2010 ɗakunan fassara na Kano, irin su Algaita, suka sa jaruman Indiya suna magana da Hausa, kuma finafinan suna cikin wayar kowane ɗan kabu-kabu daga Tasawa har Cake. Galibi dai sababbi ne na doke-doke, domin su ke da kasuwa. A 2025 kuma kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ƙungiyoyin al'adu suka yi ta shagali. Harshen da aka ɗaukaka sai a faɗi wani abu da shi wanda ya wuce kirarin sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi da Tasawa. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kalankuwa da dambe da kokowa tana iya hayar majigi na dare ɗaya, ta sami mai fassara, ta nuna Naam a filin makarantar sakandare, ta biyo shi da Cabascabo a dare na biyu, sannan ta bar mutane su yi magana: wanda ya komo daga Sabha, matar da ke jira, uban da ya jinginar da gona. Malami kuma ya tambayi ajinsa, ba tare da ambaton sunan kowa ba, mutum nawa ne ke da wa ko uba a waje, me aka sayar aka yi masa guzuri, yaushe rabon da a ji muryarsa, kuma me gida zai ce masa in ya shigo gobe ba ko jika ɗaya a aljihu. Lokacin da ya dace shi ne tsakanin Oktoba da Nuwamba, bayan an kai gero rumbu, kafin motocin Kano da na Agadas su fara cika a tashar Tasawa. Ƙungiyar da ta jira bikin ƙarshen shekarar karatu za ta tarar rabin waɗanda ya kamata su kalla sun riga sun tafi.